Ƙirƙirarriyar basira da koyon aiki: Abin da ya kamata ku sani

An saba idan kamfani zai horar da ma'aikatansa, sai ya tara su a ɗakin taro kwana biyu ko uku, a ɗauko malami, a raba takardar shaida, kowa ya koma bakin aikinsa. Har yanzu ana yin haka, amma malamin ya fara shigowa cikin kwamfuta da wayar ma'aikaci.

Mece ce ita?

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, irin wadda muke magana a kanta a nan, manhaja ce da aka horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya amsa tambaya da rubuta wasiƙa. Wadda ta fi shahara ita ce ChatGPT, da kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar a Nuwamban 2022. Ba tunani take yi irin na mutum ba. Hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take yi.

Yaya take koyar da aiki?

A ce an ɗauke ku aiki a sashen karɓar koke na banki. Wani ya rubuto a fusace cewa an cire masa kuɗi a POS, mai shago kuma ya ce bai ga komai ba. Kafin ku gama karantawa, manhajar ta jero muku a gefe abin da za ku fara tambayarsa, da yadda za ku kwantar masa da hankali, duk daga irin amsoshin da tsofaffin hannu suka sha bayarwa. Ku ne za ku zaɓa, ku gyara, ku aika. Darasin ya zo daidai lokacin da ake bukatarsa. Kuna ma iya sa ta ta zama fusataccen abokin hulɗa, ku yi ta gwaji ba tare da jin kunyar kowa ba.

Wa ya fi amfana?

Sabon shiga. A wani bincike da aka fitar a 2023, Erik Brynjolfsson na Jami'ar Stanford da wasu masana biyu na jami'ar MIT sun bibiyi ma'aikatan karɓar koke 5,179. Waɗanda aka ba irin wannan manhajar, yawan matsalolin da suke warwarewa a awa ɗaya ya ƙaru da kashi 14 cikin 100, amma na sababbi ya ƙaru da kashi 34. Ƙwararru kuwa ba su ga wani canjin a zo a gani ba.

Nawa take ci?

Akwai na kyauta. ChatGPT na biya an fara sayar da shi a 2023 a kan dala 20 a wata, shi kuma Copilot na Microsoft an fara sayar wa kamfanoni shi a 2023 a kan dala 30 ga kowane ma'aikaci duk wata. Ku haɗa da kuɗin data da matsalar wuta.

To ina hatsarin?

Na farko, takan shirga ƙarya cikin kwanciyar hankali. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙiro, alhali ba a taɓa yin su ba. Na biyu sirri: a shekarar ne Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji, bayan an zuba bayanan kamfanin a ciki.

Na uku shi ya fi damuna. Ƙananan ayyukan da ake bai wa sabon ma'aikaci, irin su rubuta rahoto da duba lissafi, a kansu hannunsa ke faɗawa. Idan manhaja ta riƙa yi masa, zai yi sauri, amma ranar da ta yi kuskure ba zai gane ba. Saboda haka ku fara gwada aikin da kanku, sannan ku tambaye ta dalilin duk gyaran da ta kawo. Abin da ya shafi kuɗi, lafiya ko doka kuwa, ku nuna wa na gaba da ku kafin ku aika.