Tsawon Tafiya Ko Saurinta?

Mutum ya ba shekara 40 baya, tumbi ya fara turo riga, a asibiti kuma a ce masa jininsa ya ɗan hau, sukarinsa ma ya ɗan hau, amma bai kai na shan magani ba. Wannan "ɗan" shi ke yaudarar mutane. Abubuwa biyar likitoci ke dubawa: faɗin ƙugu, awon jini daga 130/85, sukarin jini daga 100 kafin a karya kumallo, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kwalastarol mai amfani. Wanda ya haɗa uku daga ciki ya kama hanyar ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ko da yana jin kansa garau. Tun 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford a Amurka ya nuna cewa akasarinsu tushensu ɗaya: jiki ya daina jin umarnin insulin, sinadarin da ke tura sukari cikin tsoka.

Da an ambaci motsa jiki a matsayin mafita sai ka ji an ce, "Ai ni wuni nake a tsaye." Haka ne, amma da wane ƙarfi? A Kopenhagen, babban birnin Danmak, an bi lafiyar mutum fiye da 10,000 na tsawon shekara 10, aka fitar da sakamako a 2012. Masu tafiya da sauri haɗarin haɗa uku daga cikin abubuwan nan biyar ya ragu musu da kusan rabi, masu sassarfa ma sun amfana sosai. Waɗanda kuwa ke shafe fiye da awa guda kullum suna tafiya, daɗewar kaɗai ba ta kare su ba. Tafiyar hawainiya, ana yi ana tsayawa gaisawa, ba ta ƙara bugun zuciya sosai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsokar da ke aiki tuƙuru tana zuƙar sukari daga jini ba tare da jiran insulin ba, kuma tasirin kan kai kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya gushe. Shi ya sa buga ƙwallo ranar Asabar kaɗai bai wadatar ba.

Awon ƙarfin bai buƙatar na'ura, numfashinka ya isa. In kana iya hira da abokin tafiya amma rera waƙa ta gagara, kana matsakaicin mataki. In haki ya hana ka haɗa jimla, ka shiga mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 a yi minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, a haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla sau biyu a mako.

A ganina, ɗan shekara 50 da ya daɗe a kan kujera bai da dalilin farawa da gudu. Ɗaga ƙafa har gumi ya tsatso ya ishe shi a watannin farko. Mai hawan jini, ko wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya hau bene, ya fara ganin likita tukuna.