Yadda Ake Tsirar da Koren Wake Domin Miya

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san halin da tukunyar miya take shiga daga watan Maris har faɗuwar ruwan fari. Rafi ya ƙafe, lambu ya bushe, alayyafo ya yi tsada, sai kuka da busasshiyar kuɓewa safe da yamma. Waɗannan suna da amfaninsu, amma bitamin C ba ya jure shanya da doguwar ajiya. Idan jiki ya daɗe bai same shi ba, dasashi yakan kumbura yana zub da jini, miki kuma ya ƙi warkewa da wuri. Akwai wata hanya ta samun ɗanyen abin miya cikin kwana huɗu, ba gona, ba taki, ba ma hasken rana.

Akwai wani ƙaramin koren wake, bai kai rabin namu girma ba, wanda mutanen Indiya suke kira mung. A can ne aka fara nomansa tun zamanin dā. A Kenya sunansa ndengu, a Tanzaniya kuwa choroko. Mutanen ƙasar Sin da Koriya sun daɗe suna tsirar da shi a gida suna ci kamar ganye. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen waken abinci ne mai gina jiki, amma bitamin C ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Sai ya sha ruwa ya fara tsiro sa'an nan bitamin ɗin yake ƙaruwa. Tsiron kuma bai cika kumbura ciki kamar dafaffen wake ba.

Abu na fari shi ne iri. Kada a taɓa wanda aka cuɗa da maganin shuka, ko wanda aka zuba wa maganin ƙwari domin ajiya. Wanki ba ya fid da dafin. A nemi wanda ake sayarwa domin ci. A tsince tsakuwa da fasassu da masu huji, gama waɗannan ba sa tsirowa, ruɓewa suke yi su ɓata sauran.

A auna gwangwanin madara guda, a wanke, a jiƙa shi cikin ruwan sha mai tsabta da daddare, awa 8 zuwa 12. Wanda ya taso sama a zubar. Da safe a tsiyaye ruwan sarai. Daga nan ba a ƙara barinsa cikin ruwa. Wannan ne kuskuren da yawancin masu farawa suke yi, suna tsammani yawan ruwa shi ne gata, alhali kuwa iri yana numfashi, idan ya nutse sai ya mutu ya yi tsami.

Mu dai ba mu ga mazubin da ya fi madambaci na ƙasa ba. Yana da huji a gindi, ruwa yana wucewa, yumɓu kuma yana riƙe sanyi. In babu shi, kwando ma ya isa. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a ciki, a baza waken, a rufe da wani jiƙaƙƙen ƙyalle, a kifa faifai, a ajiye a lungun ɗaki kusa da randa. Duhu tilas ne, domin haske yana sa tsiron ya fid da ganye ya yi ɗaci. Sau uku a yini a kwarara masa ruwa, a bari ya tsane. Lokacin bazara a yi sau huɗu, gama tsiro yana fid da zafi na kansa, wanda ya sa hannu a tsakiya zai ji ɗumi. Ruwan da ya tsiyaye a tara shi a ba bishiyar zogale. Masu sana'ar nan a ƙasar Sin sukan ɗora abu mai ɗan nauyi a bisa, domin tsiron da ya yi kokawa da nauyi ya fi kauri. Kwano da ruwa a ciki ya isa.

Da zafi, kwana uku ko huɗu ya kai tsawon ɗan yatsa, fari sol. Da hunturu yakan ɗauki biyar ko shida. Gwangwani guda yakan cika biyar ko fiye. A juye cikin ruwa a motsa, koren ɓawon zai taso a kwashe. Idan ya yi yauƙi, ko wari, ko fumfuna, a zubar duka, a wanke madambacin da tafasasshen ruwa.

Sai maganar da ta fi duka nauyi: a dafa shi. Ɗumi da laimar da tsiro yake so, su ne ƙwayoyin cutar gudawa suke so. A shekara ta 2011 a Jamus, dubban mutane sun kwanta ciwo, fiye da 50 suka mutu, aka bi sawu aka tarar ɗanyen tsiron hulba ne. Saboda haka kada a ba yara, ko mata masu ciki, ko tsofaffi ɗanye. Amma kada kuma a dafa shi ya narke, gama doguwar wuta tana kashe bitamin ɗin. A zuba shi cikin miyar taushe ko fate sa'ad da an kusa saukewa, ya tafasa sosai kamar minti biyar. Ko a soya shi da albasa da man gyaɗa da barkono, a ci da shinkafa ko dambu. Inda babu firji, a ci a ranar da aka kwashe.

Waken gida ma yana tsirowa haka, sai dai yana bukatar dahuwa fiye da wannan. Dawa kuwa a'a. Ko da yake mata sun saba yin tsiro domin kunu, ba a cin tsiron dawa kamar ganye, domin yana ɗauke da irin dafin nan da yake kashe shanu idan sun ci gyauro.

Ana samun koren waken a kantunan da suke sayar da abincin Indiyawa a manyan birane, amma da tsada. Shawararmu ita ce ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi mudu ɗaya ko biyu, a gwada tsirar da kaɗan, a shuka sauran a gonar ƙungiya da damina. Yana nuna cikin wata biyu zuwa biyu da rabi, yana jure ƙarancin ruwa, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar sauran dangin wake. A tsinke kwansonsa da zarar ya yi baƙi, in ba haka ba yakan fashe ya zube a gona.