Yuriya, Farin Taki, da Sharuɗɗan Amfani da Ita

Duk manomin da ya taɓa kwance bakin buhun farin taki a kasuwar Kafin Hausa, ya damƙi ƙwayoyin nan masu kama da tsakin shinkafa, ya ji suna narkewa cikin gumin tafinsa suna barin sanyi-sanyi, to ya san yuriya da ido, ko da haƙiƙarta ta ɓoyu gare shi.

Asalinta abu ne wanda Allah, cikin hikimarsa, ya hore wa hanta haɗawa, domin amoniya, wadda take guba ga jini, ta koma abin da ƙoda za ta tace ta fitar cikin bawali. A shekarar 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa ta a ɗakin bincike ba da taimakon wata hanta ko ƙoda ba, al'amarin da ya ja hankalin ma'abota ilmin zamaninsa. Ta cikin buhu kuwa babu shubuhar najasa tattare da ita, gama daga iskar gas da iskar da muke shaƙa ake sarrafa ta, kamar yadda ake yi a masana'antar Indorama ta Eleme da ta Dangote ta Lekki, wadda aka buɗe a 2022.

Falalarta ita ce naitirojin, abincin ganye da kara, wanda ya kai kashi 46 cikin 100 na nauyinta, watau kilo 23 a buhu mai kilo 50. Sai dai da zarar ta taɓa ƙasa mai laima, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan farfasa ta cikin 'yan kwanaki ta koma amoniya, wadda in ba a rufe ta ba, ga zafin rana, sai ta bi iska. Saboda haka mai watsa ta bisa doron gona, don gudun wahalar sunkuyo, ya yi asarar da ba zai gane ba sai ranar ɗaurin dami. Abin da ya kamata shi ne a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin gero ko dawa, don kada ta ƙona saiwa, a zuba, a binne, alhali ƙasa na da danshi. Tun da yake rairayin jigawa ba ya riƙon amana in ruwa ya yi ƙarfi, gara a raba ta biyu, rabi bayan firi, rabi wajen maimai.

Buhun kuma a ɗaure shi tam, a ɗora bisa katako, don yuriya takan sha raɓa ta dunƙule, akuyar da ta same shi a buɗe ta ci da yawa kuwa da wuya ta kwana.