Kafin ku ce wa yaro ya goge, ku tambaye shi yadda aka yi ya samu amsar

Idan yaronku na aji biyu ko uku a firamare ya rubuta cewa 52 a ɗebe 17 saura 45, me kuke fara yi? Yawancin iyaye kan ce "goge ka sake," wasu har da ranƙwashi. Amma 45 ɗin nan ba canki-canka yaron ya yi ba. Ya dubi 2 da 7, ya tuna an ce ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ya juya su ya samu 5, sannan ya cire 1 daga 5 ya samu 4. Ƙa'ida yake bi, sai dai gurguwa ce. In kun goge amsar kun bar masa ƙa'idar, gobe ma haka zai rubuta.

A shekarun 1980, wasu masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Thomas Carpenter da Elizabeth Fennema da abokan aikinsu, sun bi diddigin yadda ƙananan yara ke warware lissafi tun kafin a koya musu. Sun ga yaro kan fara da jera abubuwa yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya sai ya riƙe lamba ɗaya a ka ya ɗora ƙirga a kanta da yatsu. Can gaba kuma ya ce 6 da 7 sha uku ne, tunda 6 da 6 sha biyu ne, ga ɗaya a kai. Ba su bai wa malamai sabon littafi ba, matakan nan kawai suka koya musu su gane. A binciken da suka wallafa a 1989 kan malaman aji ɗaya su 40, ɗaliban waɗanda aka horar sun fi sauran iya warware matsalolin lissafi, kuma ba a bar su a baya wajen hadda ba.

Labarin da ya fi kama da namu daga birnin Recife na ƙasar Burazil ya fito, a 1985. Masu bincike sun je wurin yara masu sayar da kaya a titi kamar masu saye. Aka tambayi wani ɗan shekara 12 kuɗin kwakwa huɗu, kowace a kan 35. Ya ce uku 105 ne, ya ɗora 30 ya zama 135, ya cika da 5, ya ce 140. Da aka ba shi 35 sau 4 a takarda, 200 ya rubuta. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana ba da canji a shagon mahaifinsa a Agege ko Sabo ta Ibadan, sannan ya ga sakamakonsa na makaranta, ya san wannan abu.

Don haka a gida, tambaya ɗaya ce jarinku: "Ya aka yi ka samu wannan?" Ku yi ta ko da amsar daidai ce, in ba haka ba yaro zai gane cewa tambayar na nufin ya yi kuskure, ya riƙa canza amsa da zarar kun buɗe baki. In Turanci ya ɗaure masa harshe, ya yi bayanin da Hausa. Ku kuma yi haƙuri da shirunsa, nan ne wurin da ya fi yi wa iyaye wuya.

Kada ku hana shi ƙirga da yatsu, zai bari da kansa in ya samu hanya mafi sauri. Ku ɗaure tsinken ashana goma-goma, ku ba shi ƙulli biyar da tsinke biyu, ku ce ya ba ku 17. Da hannunsa zai kwance ƙulli ɗaya, wato "aron" da malami ke ta faɗa.

Ga wani gwaji na daren yau. Ku rubuta masa 8 + 4 = __ + 5. Yara da yawa kan sa 12, wasu 17, domin sun ɗauka alamar daidai na nufin "ga amsa nan tafe". Amsar 7 ce. In ya sa 12, ku ba shi wake ya tara kashi biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama, ya gaya muku ko sun zo daidai.