Idan Baba Ya Daina Tambayar Labarin Gona

Ba kowane shirun dattijo ba ne tsufa. Idan Baba ya daina tambayar labarin gona, ya rage cin abinci, barci ya ƙaurace masa fiye da mako biyu, wataƙila ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin ɗari na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kaɗaici yana ƙara ta. Ku riƙa neman shawararsa kan iri da lokacin shuka, ku tafi da shi taron ƙungiya. In abin bai lafa ba, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Kware da Barnawa. Ciwon damuwa yana da magani.