Iccen Da Ya Koma Dutsi: Yadda Ake Gane Shi

Makiyayan ƙasar Matamaye da ke yin arewa da damina sukan ga abin mamaki. A gindin dutsin Tigidit, kudu da Agadas, wajen Marandet, akwai kututturan itatuwa kwance cikin rairayi. Ga zane, ga gaɓa, ga gurbin reshe. Amma in an ɗaga guntu, sai a ji dutsi ne.

Yaya icce ya zama dutsi?

Masana sun ce shekarunsu sun fi miliyan 100. A wancan zamani hamada ba hamada ba ce. Akwai gulabe da kurmi. A Gadufawa ma an tono ƙashin wani kada, tsawonsa ya fi mita 9, an raɗa masa suna a 1966. Kada kuwa ba ya zama inda babu ruwa.

In icce ya faɗi, rairayin gulbi ya binne shi da wuri, ba ya ruɓewa. Ruwan ƙasa yana ratsa shi, yana bar masa sinadarin ƙanƙara kaɗan-kaɗan. A kwana a tashi sai ya zama dutsi, amma kamarsa tana nan.

Alamun gane shi

Na 1, ya fi icce nauyi ƙwarai.
Na 2, wuta ba ta cin sa, gara ma ba ta taɓa shi.
Na 3, wuƙa ba ta yankar sa. Shi ne ma ke karce kwalba.
Na 4, zanensa yana bin tsawo, kamar na faskare.

Wane irin icce ne?

Itatuwa gida biyu ne. Gida na farko su ne masu fure, irin su gawo da tsamiya da ƙirya. In an yanke reshen gawo aka dubi bakin yankan da kyau, za a ga ƴan ƙofofi kamar hudar allura. Ta nan ruwa ke hawa.

Gida na biyu ba su fure, kuma ƙwayarsu ba ta cikin ɓawon ɗa, tsirara take. Iccensu ba shi da waɗannan ƙofofi, jikinsa sumul yake, bai ɗaya. Galibin kututturan Tigidit na wannan gida ne. Danginsu suna nan har yau a duwatsu masu sanyi na Kamaru da Habasha.

Ido kaɗai ba ya faɗin sunan iccen. Sai masana sun yanko ɓalli, sun goge shi har haske ya ratsa shi, sannan su duba da madubin ƙara girma.

Abin da ya kamata a yi

Akwai masu yawo suna sayen irin wannan dutsi da kuɗi kaɗan, su fitar da shi waje. Wannan hasara ce. Dutsin da aka raba da wurinsa ya rasa rabin labarinsa, don ƙasar da ke kewaye da shi ita ke nuna shekarunsa. Dokar Nijar ta 1997 ta kare kayan tarihi.

Wanda ya gamu da shi wajen kiwo ko ginar rijiya, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya riƙe wurin da kyau, ya shaida wa mai gari, shi kuma ya kai magana ga hukuma. Abin da ya kwana shekara miliyan 100 dukiyar ƙasa ce, ta jikoki ce.