Shin Ko Kun San? Saurin Sauti da Yadda Ake Auna Shi

Shin ko kun san cewa idan aka buga ganga, iskar da ke bakinta ba ta tasowa ta zo kunnenku? Fatar ce ke karkarwa ta ture iskar da ke jikinta, ita ma ta ture ta gaba, a haka har a isa dodon kunne, kamar leburori na miƙa bulo hannu da hannu, kowa yana tsaye a gurbinsa. Don haka inda babu iska ko wani abu da zai ɗauko shi, babu sauti. Robert Boyle ya gwada wannan a Ingila, ya wallafa a 1660. Ya rataye agogo cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar, sai ƙarar ta dushe alhali agogon na ta aiki.

A cikin iska sauti kan ci kimanin mita 343 a sakan guda, a ruwa kusan 1,500, a ƙarfe kuwa fiye da 5,000. Da damina, in kun ga walƙiya ku fara ƙirge har tsawa ta iso. Kowane sakan 3 kilomita 1 ne tsakaninku da ita.

Shin ko kun san me makaɗin kalangu ke yi idan ya matse tsarkiya a hammata? Ɗaure fatar yake ƙarawa. Ɗaurarriyar fata ta fi saurin karkarwa, sai amo ya yi sama ya sirance, in ya sassauta ya yi ƙasa ya yi kauri. Da wannan hawa da sauka yake bin karin harshen Hausa har a ce kalangu ya yi magana. Yawan karkarwar a sakan guda shi ake aunawa da hertz, sunan Bajamushe Heinrich Hertz. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga 20 zuwa 20,000. Jemage ya wuce 100,000, giwaye kuma suna kiran juna da sautin da bai kai 20 ba. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu ma sauti ne, na miliyoyin hertz, na'ura ce ke karanta amsa-kuwwarsa ta zana hoto.

Ƙarfin ƙara kuwa da desibel ake auna shi, don tunawa da Alexander Graham Bell, kuma nan ne na fi so a tsaya a duba, domin ma'aunin yana ruɗin mutane. Ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarin 10 na nufin ƙarfin ya ninka sau 10, ƙarin 20 sau 100. Raɗa kamar 30 ce, hira 60. A 85, awa 8 ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka yanka. Ƙara 3 kacal, lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, a 100 minti 15 ya rage. Ba sai da na'ura za ku gane ba. In sai kun ɗaga murya kafin wanda ke gabanku ya ji ku, to wurin ya kai haddin. Ku tuna yaron da ke yini tsugune a gindin injin markaɗe, yana tura gero da hannu, ko telan da janareta ke ruri a ƙofar shagonsa. Abin yana damuna ƙwarai, domin a can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000 da ke mayar da girgiza saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Tsuntsaye na sabunta nasu, ɗan Adam ba ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙure sauti a kunne da wuraren shagali.

Shin ko kun san dutsen Krakatowa na Indunusiya? Da ya fashe ranar 27 ga Agusta 1883, an ji ƙararsa a tsibirin Rodrigues, nisan kilomita kusan 4,800. Sai da sautin ya yi tafiyar awa 4 kafin ya isa, mutanen can suka zaci igwa ake harbawa daga jirgin ruwa.